'Yan sanda sun sake mu, amma an hana mu ɗanmu bisa zargin an jijjiga shi

Tambaya: Barista, ina zaune a Ingila da iyalina. Ɗanmu mai wata huɗu ya shiɗe, muka garzaya da shi asibiti. Hoto ya nuna jini a cikin kansa da bayan idanunsa, likitoci suka ce jijjiga shi aka yi. 'Yan sanda sun yi mana tambayoyi, sun sake mu ba tare da tuhuma ba, amma ƙaramar hukuma ta sa mun sa hannu a takarda yaron ya koma hannun masu riƙo. Wallahi ba mu yi masa komai ba. Na karanta cewa an daina yarda da irin wannan binciken. Ina so in ɗauko ɗana, in kuma kai likitan ƙara.

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya sanyaya muku zuciya kai da maiɗakinka. Ban ga takardun asibitin ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne a dunƙule kan dokar Ingila da Wales, kuma ba zai maye gurbin lauyan da zai zauna da fayil ɗinku ba.

Sakin da 'yan sanda suka yi muku bai wanke ku ba a idon doka. Mai yiwuwa ma binciken nasu bai rufe ba. Ko da sun rufe shi, kotun iyali tana da ma'auninta daban. A shari'ar laifi sai masu taya alƙali yanke hukunci sun tabbata mutum ya aikata. A kotun iyali kuwa, ƙarƙashin sashe na 31 na Dokar Yara ta 1989, ya wadatar alƙali ya ga zargin ya fi kusa da gaskiya a kan akasinsa. Wani abin da ya fi wannan ɗaci: idan alƙali ya gamsu an ji wa yaro rauni amma ya kasa gane wanda ya yi, yana iya sanya ku duka biyu cikin waɗanda ake zato. Shi ya sa a yawancin lokuta miji da mata kowa ke ɗaukar lauyansa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin raba ku.

Takardar da kuka sa wa hannu, a zatona, ta sashe na 20 ce, wato yarjejeniyar son rai. Doka ta ba ka damar janye amincewarka. Amma in ka je gobe ka ce a ba ka ɗanka, 'yan sanda na da ikon riƙe shi har awa 72, ƙaramar hukuma kuma za ta nemi umarnin gaggawa daga kotu, kuma da wuya a hana ta alhali akwai rahoton likita a gabanta. Sai ka wayi gari da ƙarancin ganin yaron fiye da yanzu. Batun fita da shi daga ƙasar kuwa, kada ma ya zo maka a rai.

Abin da ka karanta yana da tushe, sai dai an faɗaɗa shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Norman Guthkelch, shi ya fara danganta zubar jini a kan jarirai da jijjiga a 1971, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya fito ya nuna damuwa kan yadda ake ɗaure mutane da wannan ra'ayi. Shekaru da yawa ana ɗaukar alamomi uku a matsayin hujja: jini ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, jini a bayan ido, da kumburin ƙwaƙwalwa. A 2016 hukumar Suwidin mai tantance binciken lafiya ta ce hujjar da ke nuna waɗannan alamomi kaɗai suna tabbatar da jijjiga ba ta da ƙarfi. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara sun soki rahoton, kuma har yau galibinsu suna kan bakansu. Gardama ce da ba a gama ba.

Dubi yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi a shari'ar Harris a 2005. Mutum huɗu ta saurara tare. Ta soke hukuncin biyu, ta sassauta na ɗaya, ta tabbatar da na ɗaya. Matsayinta shi ne alamomin uku ba sa tilasta a ce an ci zarafin yaro, dole a duba duk abin da ke kewaye da lamarin. Ba ta ce a yi watsi da su ba. Kuma gaskiya ne akwai jariran da ake jijjigawa har su mutu, alƙalin da zai saurare ku ya ga irinsu.

Don haka abin da zai amfane ku shi ne a gano abin da ya sami ɗanku shi kansa. Yaya haihuwarsa ta kasance, an ja shi da na'ura? Kansa yana girma fiye da kima a ma'aunin da ake rubutawa a littafin awo? An gwada daskarewar jininsa sosai, ko gwajin sama-sama aka yi? An duba cutar sanƙarau da cututtukan gado? An auna bitamin D a jikinsa da na mahaifiyarsa? Wannan na ƙarshe ina nanata shi, domin ƙarancinsa ya fi yawa ga masu baƙar fata a ƙasashe masu ƙarancin rana. A Landan an zargi wasu iyaye da kashe jaririnsu da ya rasu a 2009, daga baya aka gano yana fama da matsanancin laushin ƙashi saboda ƙarancin bitamin D. An sallame su a 2011, kotun iyali ta mayar musu da 'yarsu da aka karɓe daga hannunsu, a 2012. Abin yana ci mini rai idan na ga an kammala rahoto kafin a kammala gwaje-gwaje, kuma hakan na faruwa.

Sai dai kada ka kwashi takardu ka kai wa likitan da ka samo a intanet. Da zarar an shiga kotu, sai da izinin alƙali ake ɗaukar ƙwararre, sai kuma ya ga hakan ya zama dole. Lauyanka zai nema da wuri, domin an tsara a gama irin wannan shari'a cikin mako 26.

Ƙarar likita fa? Ba na ba ka shawara. A 2005 kotun ƙoli ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke cewa likita ko ma'aikacin kula da yara da ya yi zargi da kyakkyawar niyya ba ya ɗauke da alhakin sakaci ga iyayen da aka zarga. Akwai 'yan ƙofofi ta fuskar haƙƙin ɗan Adam, amma ƙunci gare su, kuma ba yanzu ne lokacinsu ba. Barazanar ƙara a wannan mataki za a rubuta ta ne a fayil a matsayin rashin haɗin kai.

Ni a ganina ku zauna da ƙaramar hukuma, lauya yana gefenku. Iyaye na samun lauya kyauta a irin wannan shari'a komai samunsu, tun daga ranar da aka aiko musu wasiƙar shirin zuwa kotu. Ku nemi taron dangi, ku ba da sunayen 'yan'uwa da za a iya tantancewa su riƙe yaron maimakon baƙi, ku nemi a ƙara kwanakin ziyara, kuma kada ku fasa ko ɗaya. Haɗin kai ba amsa laifi ba ne, kuna iya cewa ba ku yarda da zargin ba a kowane zama.

Ku guji ƙirƙiro dalili don kawai a bar ku. Iyaye da yawa cikin ruɗu sukan ce "wataƙila lokacin da na girgiza shi ya farfaɗo ne", sai maganar ta koma ikirari a rahoto. Abin da kuka sani ku faɗa, wanda ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Kowannenku ya rubuta abin da ya tuna na kwanakin da suka gabaci shiɗewar, shi kaɗai, ya miƙa wa lauyansa. In 'yan sanda suka sake kiranku, ku nemi lauyan da ke bakin aiki a caji ofis kafin ku amsa tambaya ko ɗaya, shi ma kyauta ne.