Wasan kirifto a waya: daga aljihun wa ribar take fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Abokaina sun shiga wani wasa da sai ka sayi dabbar NFT (hoton dabba a wasan mai lambar mallaka ta musamman), wai kullum za ta riƙa kawo maka kwandala, wato kuɗin kirifto na wasan. Ni na yi wasan danna waya na Hamster Kombat a 2024, ban sa ko sisi ba. A Musulunci duk ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Fatawa ta malamai ce, ni dai zan buɗe maka cikin injin.

Blockchain, wanda kirifto da NFT ke aiki a kansa, kundin rajista ne da ke nuna wa ya mallaki me, shi kenan. A Hamster data da lokaci da barcinka ka kashe, kuma da aka raba kwandalar a Satumbar 2024 ka ga abin da mutane suka samu, wasu ko kuɗin caji bai kai ba. Na abokanka kuwa akwai zubi, to a nan ake bincike.

Ka tambaye su: ladan nan daga ina yake zuwa? Wani wasa irin nasu mai suna Axie Infinity ya yi tashe a Filifin a 2021, har wasu suka mai da shi sana'a. Amma kuɗin sababbin shiga ne ke riƙe da farashin, da suka ragu sai kwandalar ta zube. In babu talla ko wata haja da ake sayarwa, kuɗin na baya ake ba na gaba.

Sai akwatin sa'a, wanda za ka biya ba ka san me zai fito ba. Wannan shi ne garar, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma ƙafarsa ɗaya tana cikin caca. In kuma aka ce ka ajiye kwandala a ba ka ƙari tabbatacce, ba ruwanka da asara, ka tambayi malaminka batun riba. Musaya ma ana son ta hannu da hannu, kamar yadda 'yan canji ke yi a Wapa.

Kan kirifto kansa malamai sun saɓa. Muftin Masar ya haramta Bitcoin, majalisar malaman Indonesiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, majalisar Shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya kuma ta halatta cinikinsa a 2020.

Abu ɗaya da masu tallan ba sa faɗa: sau da yawa hoton dabbar yana kan kwamfutar kamfanin ne, lamba kawai ka mallaka. Ranar da suka rufe wasan, lambar tana nan a walat ɗinka (asusunka na kirifto), mai saye ne babu.