Tambaya da Amsa: Wai wannan ƙaton jirgin ruwan ina ribarsa take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dillalin shanu ne, yaron wajena ya nuna min bidiyon wani jirgin ruwa a waya wai na yawon shaƙatawa ne, har da wurin ninƙaya a samansa. Don Allah abu kamar unguwa guda, man da yake sha kaɗai ba zai cinye ribar ba?
Mai karatu daga Maigatari, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai kai ka ma fi ni sanin amsar nan, tunda kullum ranar Alhamis a gabanka ake lodi. Tirelar da za ta Legas direbanta ɗaya ne, akori-kura ma direba ɗaya, abin da za a kashe a hanya kuma kowa sai ya kashe, amma in aka raba kuɗin mota a kan kowane sa, wa ya fi samun sauƙi? To lissafin kenan.

Ɗauki Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, a Turku ta ƙasar Finlan aka ƙera shi, ya fara tashi daga Miyami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Kyaftin ɗaya ke jan duk wannan al'umma. Mai kam yana sha ba wasa, sai dai in aka raba shi a kan mutum dubu bakwai kason kowa bai kai na ƙaramin jirgi ba. Kaji da shinkafa kuwa sari suke yi, mai sayen lodi guda a Dawanau ai ba farashin 'yan tiya ake ba shi ba.

Wayonsu kuma, tikiti ba shi kaɗai ba ne cinikin. Kana shiga an fara tatsarka, intanet kuɗi, hoto kuɗi, ga gidan caca da giya (Allah ya tsare mu), kuma a tsakiyar teku babu shagon maƙwabci da za ka je ka taya.

Inda gizo ke saƙar shi ne jirgi ba motar tasha ba ce da za a zauna jiran cikon mutum ɗaya, ranar tashi in ta zo sai ya tashi, shi ya sa suke karya farashi don kar ɗaki ya tafi wayam. A 2020 da korona ta tsayar da su, jiragen na ajiye wata da watanni ba fasinja ko ɗaya, ga bashin banki na tafiya ga kuɗin kula da inji.