Amsa kan aikin cire naman ido

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce nama ya tsiro wa Baba daga lungun ido ta gefen hanci yana hawa kan baƙin, likita ya ce a yi aiki, shi kuma ya ƙi don an gaya masa ko an cire sai ya dawo. Allah ya ba shi lafiya.

Maganar dawowar akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ta danganta da irin aikin. Ni an yi mini a idon dama, bayan na daɗe ina acaɓa cikin rana da ƙurar hunturu, waɗanda dama su ne ke haddasa shi. Tsohuwar hanya ita ce a kankare naman a bar wurin haka nan. Wannan kam yana yawan dawowa, wani lokacin ma ya fi na farko girma. Nawa kuwa, bayan an cire, sai likita ya yanko 'yar siririyar fata daga saman farin idon, can inda fatar ido ke rufewa, ya dasa a wurin ya ɗinke. Wasu da gam na musamman suke mannawa. Da dashen nan ba kasafai yake dawowa ba, kuma dattawa sun fi matasa sa'a a wannan fannin. Don haka ku tambayi likitan kai tsaye: za a yi dashe, ko kankarewa kawai? A ganina wannan ta fi tambayar kuɗi muhimmanci.

Ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa, ranar ma ya kwana a gida. Kwanakin farko kamar an zuba yashi, ga hawaye, jan kuma sai ya yi makonni. Maganin ɗigawa kar ya daina don ya ji sauƙi, kuma in likita ya ce a tsaya, kar a ci gaba da sayowa a kemis, domin wani yana jawo hawan jinin ido. Ya riƙa komawa a duba shi, in zai dawo yawanci cikin shekarar farko ne. Baƙin tabarau da malafa su zama dole.

Ku lallashe shi kar a ja lokaci. In naman ya kai tsakiyar ido, ko an cire yana barin tabo. In kuna kusa, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.