Amsa ga Maman 'yan biyu kan tafiyar yara Normandi

Assalamu alaikum 'yan uwa, an wuni lafiya, ya aiki, ya yara. Maman 'yan biyu, na ji muryarki tun da rana, ina wurin aiki ne ban samu amsawa ba. Kin ce makarantar su 'yarki ta aiko takarda za a kai ajinsu Normandi, can bakin teku a arewacin Faransa, kwana uku, ki sa hannu ko kar ki sa, wai me za su gani ban da kaburbura. To ni na san ba kaburburan ne suka dame ki ba. 'Ya mace za ta kwana a waje, me za ta ci, ina za ta yi salla, shi ne ke ranki. Ki sa hannu, ƙanwata. Bara ni na bi ajin ɗana cikin iyayen rakiya, ba labari aka ba ni ba.

Kwana dai mata ɗakinsu daban, malamarsu na kusa da su. Abinci kuwa garuruwan bakin teku ne, kifi ya fi komai yawa. A Port-en-Bessin muna tsaye jiragen masunta suka shigo, ƙarni ya cika wurin. Ki rubuta a takardar ba ta cin alade, shi ke nan. Abu ɗaya za ki ja mata kunne a kai: abin shan nan nasu na tuffa mai kumfa, sidar. Kamar lemo yake a ido, amma giya ce. Salla kuma matafiyiya ce, ta yi ƙasaru. Ki sa mata rigar sanyi mai kauri ko da watan Yuni ne, iskar tekun nan ba ta da wasa.

Abin da za su gani kuwa. Ranar 6 ga Yuni 1944 soja kusan 156,000 suka sauka a wannan gaɓa don korar sojan Hitila, a wurare biyar. An kai mu Omaha, inda Amurkawa suka fi mutuwa. Ruwa ya janye can nesa, yashi shimfiɗe fayau, babu ko dutsen da mutum zai laɓe, tudu kuma yana kallonka daga sama inda Jamusawa suka kafa bindigoginsu. Yaran da suka cika mana kunne a mota, kowa ya yi tsit. A kan tudun makabartar Amurkawa take, Colleville, kabari fiye da 9,000, farare a jere. Ɗana yana bi yana karanta shekarunsu, 19, 20... a'a, na haɗa, ba a nan ba ne. A Bayeux ne, makabartar sojan Ingila, su ne ke rubuta shekarun mamaci a jikin dutse. Ya ce da ni, Umma, wannan sa'an yayana ne. Ban iya ce masa komai ba.

A Arromanches kuma za ta ga wasu manyan tubalan kankare zube cikin teku. Tashar jirgin ruwa ce sukutum aka ƙera a Ingila, aka jawo ta gunduwa-gunduwa aka haɗa a nan, don ba su da tashar da za su sauke motoci da abinci. Har yau ragowarta na nan.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai, shi ya sa ma na ɗauki wayar. Mai yi mana bayani ya tara yara ya ce ga waɗanda suka 'yanto Faransa: Amurka, Ingila, Kanada. Ya tsaya nan. Na ɗaga hannu na ce malam, mutanen Afirka fa? Ya ce madam, wannan ba ya cikin tsarin yau. Wallahi har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ba ya cikin tsari! Kakana daga ƙasar Damagaram aka ɗauke shi soja, ba shi ya roƙa ba. Na tashi na tarar da lambar yabonsa cikin gwangwanin shayi, an naɗe ta da tsumma, yatsun ƙafarsa biyu sanyin ƙasar nan ya cinye. Kuma rabin yaran da ke tsaye gaban mutumin nan 'ya'yan Mali ne da Sanigal da Aljeriya da mu.

Tsakani da Allah, gaskiya ne namu ba a Normandi suka sauka ranar ba. A kudu ne, Provence, 15 ga Agusta 1944, su suka shiga Toulon da Marseille. To amma me ya hana ya faɗa, ko da a taƙaice? Ita kanta rundunar Janar Leclerc da ta sauka a Utah, ɗaya daga wurare biyar ɗin nan na Normandi, farkon Agusta ta shiga Paris, asalinta daga Chadi ta taso, da baƙaƙen soja aka ci Kufra ta ƙasar Libiya a 1941. Kafin a kawo ta Turai aka tsame baƙaƙen daga ciki. Na kudun ma da kaka ta yi aka janye su, aka karɓe kayansu aka ba Turawa. Waɗanda suka nemi haƙƙinsu a Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, harbe su aka yi. Sannan a 1959 aka daskarar da fanshon mazan jiyan namu, Bature abokin yaƙinsa nasa na ƙaruwa, na kakana yana nan yadda yake har ya koma ga Allah. 'Yan uwanmu na Najeriya da ke cikin rukunin nan, ku ma kun san naku 'yan Boma, wa ke kai yara ziyara don su? To bari in bar wannan, in na fara ba na gamawa.

Abin da nake so, Maman 'yan biyu, kafin ta hau motar nan ki zaunar da ita ki gaya mata namu ma sun zubar da jini a ƙasar nan. Ta je ta ga na mutane, ta ji tausayinsu, don su ma 'ya'yan wasu ne, har Jamusawan da ke kwance a La Cambe su fiye da 21,000. Amma in an lissafa an tsallake mu, ta ɗaga hannu ta tambaya.

Kuma ina da shawara ga iyayen rukunin nan. Hutun bazara mu haɗa kuɗi mu kai yaranmu Chasselay kusa da Lyon, makabartar nan mai jan gini irin na gida, inda sojan Jamus suka kashe namu a Yunin 1940 bayan sun kama su. Wanda ke so ya sa sunansa, ni zan nemo farashin mota. Au, na manta, Maman 'yan biyu, takalmi. Kar ki bari ta tafi da silifas, a Pointe du Hoc duk ramukan bam ne, in an yi ruwa santsi gare shi. Sai anjima, a gaida mai gida.