Tambayoyinku kan fasaha: fitilun nan da ke bin motsin mutum

Wannan makon kusan rabin saƙonnin da suka shigo duk kan abu ɗaya ne, ɗakunan nunin nan da ake cikawa da haske, mutum yana tafiya hasken na bin sa. Na tsinto kaɗan. Masu tambayar yanda ake dawo da hoton da aka goge kuma ku yi haƙuri, na amsa ta har bakina ya gaji.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga wani bidiyo, yarinya na tafiya cikin ɗaki mai duhu furannin haske suna buɗewa a kusa da ita, da ta tsaya jikin bango sai ruwan da ke zubowa ya kauce mata. Gaske ne ko dai haɗi aka yi mana?

Amsa: Gaske ne, ba haɗi ba ne, ba kuma aikin mutanen ɓoye ba. Waɗanda suka fi yin suna a irin wannan su ne teamLab, wata ƙungiyar masu zane da injiniyoyi da aka kafa a Tokyo a 2001. Gidan nunin da suka buɗe a 2018 mai suna Borderless faɗinsa murabba'in mita 10,000 ne, kwamfuta 520 da firojekta 470 suka yi aiki a ciki kafin a rufe shi a 2022, a 2024 kuma suka buɗe wani a Jidda. Duk girman abun dai abu uku ne: sensa da ke gane inda kake tsaye, kwamfutar da ke yanke shawarar me za a nuna, sai fitila ko firojektar da ke watsa hasken. Inda ya bambanta da bidiyo shi ne ba ɗauka aka yi aka ajiye ana maimaitawa ba, a take kwamfutar ke zana shi tana la'akari da mutanen da ke ɗakin, shi ya sa abun da ka gani yau gobe ba za ka same shi sak haka ba.

Tambaya: To a cikin wannan duhun ya kyamarar ke ganin mutum? Ni tawa ta waya da an kashe fitila sai baƙi ƙirin.

Amsa: Ɗauko rimot ɗin talabijin, saita kansa ga kyamarar wayarki ki danna, a wayoyi da yawa za ki ga wani ɗan haske yana ƙyaftawa wanda idonki bai gani. Infirared kenan, da shi ake gani a duhu. Na'urar da ta sauƙaƙa wa masu zane wannan harka ita ce Kinect, wadda Microsoft ta fitar a 2010 don wasan Xbox 360, tana fesa dubban ɗigon infirared a ɗaki ta duba yanda suka karkace a jikin mutum, daga nan ta gane nisa da siffa. Ta biyun da ta fito a 2013 ta sauya dabara, lokacin da haske ke ɗauka ya je ya dawo take aunawa. An yi ta don wasa, masu zane suka wawashe ta. Kamfanin da ya ƙera idon ta farkon, PrimeSense, Apple ya saye shi a 2013, kuma irin wannan dabarar ta ɗigo ce ke buɗe iPhone da fuska. Wasu ayyukan ma babu kyamara sam, The Pool na Jen Lewin faifai ne a shimfiɗe a ƙasa, ka taka ya canja launi. Tunanin kuma ba na yau ba ne, tun shekarun 1970 Myron Krueger ke sa inuwar mutum ta yi wasa da zanen kwamfuta a aikinsa Videoplace.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne, furojet ɗina shi ne in haɗa ƙaramin irin wannan, fitila ta riƙa bin mutum in yana wucewa. Na sayi zaren LED mita 5 samfurin WS2812B mai ƙwai 60 a kowace mita, da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, wato kod), da sensar motsi ta PIR. Na jona komai jikin Arduino, shi kuma na jona shi USB na laftof. Da na kunna farin haske sai ya yi walƙiya sau ɗaya laftof ta ɗauke, da ta dawo kuma ramin USB ɗin ya daina aiki. Kod ɗin ne ke da matsala?

Amsa: Kod bai yi maka laifin komai ba bawan Allah, kai ne. Gyara zama, don wannan tambayar duk shekara sai ta zo, kuma kullum kod ake ɗora wa laifi, babu mai cewa Malam ban yi lissafin wuta ba.

Mu yi lissafin da ya kamata ka yi tun kafin ka ciro kuɗi. Mita 5 sau 60, ƙwai 300 kenan. Kowane ƙwai akwai ƙananan fitilu uku a cikinsa, ja da kore da shuɗi, kowace na jan kamar miliamfiya 20, fari kuwa shi ne a kunna ukun gaba ɗaya, 60 kenan. 300 sau 60 ya ba ka 18,000, wato amfiya 18 a kan bolt 5, wat 90. Ramin USB 2.0 rabin amfiya aka tsara ya bayar, na 3.0 kuma 0.9. Ko da mai ƙarfin ka jona, abun da ya ninka ƙarfinsa sau 20 ka nema. Ka ɗora wa akuya kayan raƙumi, ta durƙushe, kana tambayata ko igiyar ce ba ta da kyau. Uno na asali yana da ɗan fiyus da ke yanke wuta in an wuce rabin amfiya, amma ba nan take yake yankewa ba, kuma ba kowane na kwaikwayo ke da shi ba. Kashe laftof ɗin gaba ɗaya ka zare caja, ka bar ta ta huta ka sake kunnawa, wani lokacin ramin kulle kansa kawai ya yi. In bai dawo ba sai mai gyara, ka ɗauka kuɗin makaranta ka biya.

Abun da ke ba ni haushi shi ne mutum zai kwana uku yana zaɓen launi, wai yana so shuɗi ya narke ya koma shunayya in an ɗaga hannu, amma minti biyu na biro da takarda ya gagare shi. Ni ma ba wai daga sama na faɗo da sani ba, farkon fara wannan harkar na taɓa jan irin wannan nauyin ta wata siririyar waya, ina can ina yaba kyan haske sai ƙaurin roba, kafin in kai hannu rigar wayar ta narke ta manne da tebur. Tun daga ranar ba na sayen komai sai na rubuta bolt da amfiya da wat na kowane abu a littafi, kuma ba na jona komai sai na ɗora mitar awon wuta a kai. Ku sayi mita jama'a. Na faɗa bara, na faɗa bana, zan faɗa baɗi.

Yanda za ka yi: zaren LED ɗin ya samu adaftarsa daban, mai bolt 5 amfiya 20. Bolt 5 na ce, kada ka ga wata mai 12 a ajiye ka ce ai duk wuta ce, ƙwai 300 za su tafi lokaci guda. Daga Arduino wayar data kawai za ta je wa zaren, amma dole nagetib na adafta da na Arduino su haɗu, in ba haka ba launuka za su yi ta hauka kana sake zargin kod. Sa rezisto mai om 330 a kan wayar data, kafasito mai maikrofarad 1000 a bakin shigar wuta, da fiyus bayan adafta. Wayoyin wuta su zama masu kauri, kuma ka shigar da wutar ta kai da ta wutsiya duka, domin jan ƙarfen da ke cikin zaren siriri ne, bolt na raguwa a hanya, shi ya sa za ka ga farko fari tas ƙarshe ya koma ruwan ɗorawa, shuɗi ne ke fara mutuwa tunda shi da kore sun fi ja buƙatar bolt. Sannan ka rage haske a kod, FastLED, wato tarin kod da ake sarrafa irin wannan zaren da shi, na da umarnin da ke ƙayyade iyakar amfiya, a ɗaki mai duhu sulusin hasken ma ya ishe ka har ya yi yawa.

Ga wanda ya fi damuna. Wannan ba rediyo ba ce da za ka ajiye a kusurwa, abu ne da aka yi don mutane su matso, su taka, su taɓa, yara kuma sai sun ja duk abun da ke lilo. Manyan adaftocin nan masu rigar ƙarfe, inda wutar gida ke shiga a buɗe yake da sukurori tsirara. A saka ta cikin akwati mai ramukan iska, a ɗaure kebul, kada a bar waya kwance inda ƙafa ke bi. Kafin ka gayyato kowa, bar shi a kunne awa guda kan farin haske, ka zo ka taɓa rigar wayoyin bolt 5 ɗin, in sun yi zafin da ba ka iya riƙewa to ba ka gama ba.

Ita kuma PIR ɗin ba za ta yi maka abun da kake so ba, e ko a'a kawai ta sani, ba ta san inda mutum yake ba. In so kake haske ya bi shi, nemi HC-SR04 mai auna nisa da sauti, tana kaiwa kamar mita 4. Kuma ka cire duk wani dogon jira da ka cusa a kod, in mutum ya ɗaga hannu hasken bai amsa ba sai bayan daƙiƙa guda, ba wanda zai yarda shi ya motsa shi.

Tambaya: Na je irin wannan wajen na ɗauki bidiyo, da ido lafiya lau amma a waya duk layi-layi ne suna gudu. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. LED in ana so a rage haskenta, kunnawa da kashewa ake yi ɗaruruwan sau a daƙiƙa, ido bai kamawa, kyamarar waya kuma layi bayan layi take karanta hoto, sai ta kama. Shiga saitin hannu na kyamara ka sa shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido, a 1/50 ko 1/60 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, ka manta da ɗaukar sulo, wato bidiyon nan mai tafiya a hankali. In akwai leza a wajen kada ka bari ta daki gilashin kyamara kai tsaye, tana ƙona sensa ta bar tabon da ba ya fita. Kuma don Allah ka sa wayar a aljihu ko na minti biyar ne, ɗakin jikinka yake jira.

Tambaya: Kyamarorin nan ba ajiye fuskokinmu suke yi ba kuwa?

Amsa: Sensar nisa siffa take gani kamar inuwa, ba ta buƙatar fuska. Amma wasu ayyukan da kyamara ta sosai suke aiki, wasu ma jikinka suke aunawa, kamar Pulse Room na Rafael Lozano-Hemmer na 2006, inda kake riƙe sensa ta ɗauki bugun zuciyarka, ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa daidai da shi tare da na waɗanda suka riga ka. Karanta sanarwar bakin ƙofa, in babu ka tambayi masu wajen. Kai da ka ba manhajar tocila izinin shiga lambobin wayarka, yau kuma inuwarka kake ɓoyewa.

Tambaya: Malam ƙanina yana da farfaɗiya, zan iya kai shi?

Amsa: Wannan ba ta wasa ba ce 'yar'uwa. Kaɗan ne cikin masu farfaɗiya walƙiyar haske ke tayar musu da ciwo, amma ga waɗanda take tayar wa, haɗarin ya fi yawa in ƙyaftawar ta kai tsakanin 3 zuwa 30 a daƙiƙa. A Disamban 1997 yara 685 aka kai asibiti a Japan bayan wani zanen talabijin ya yi walƙiyar ja da shuɗi. Ki fara tambayar likitansa, sannan ki tambayi masu wajen ko akwai ɗaki mai walƙiya. Masu haɗa nasu kuma, ɗalibin nan mai zaren LED, da kai nake, kada ku wuce ƙyaftawa uku a daƙiƙa.

Tambaya: Na saka fitila mai sensar motsi a ɗakin karatuna, amma da na zauna shiru sai ta mutu ta bar ni a duhu.

Amsa: Motsin ɗumin jiki take gani, ba zamanka ba. Akwai ɗan abun murɗawa na lokaci a jikinta, ƙara shi. Ko kuma ka riƙa juya shafi, don ina zargin ba karatun kake ba.