An ce in daka mata ƙwayoyin in ɓoye a abinci

Assalamu alaikum Anti,

Ina zaune a Houston ta jihar Texas, a Amurka, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Da wanka da ciyarwa na fara, daga baya na yi kwas na samu izinin raba magani. Ni ba nas ba ce, a ƙarƙashinta nake. Ina tura keken magani ɗaki-ɗaki, in duba suna da ƙwaya da lokaci, in bayar, in sa hannu a kwamfuta.

Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa. Da safe lafiya lau take sha, amma da yamma ta yi sai ta rikice, ta datse haƙora, ta ce guba muke ba ta. Rannan a tafin hannuna ta tofar da ƙwayar, tana kuka tana kiran mahaifiyarta. Wata abokiyar aikina da ta daɗe a gidan ta ce in daina wahalar da kaina, in daka ƙwayoyin duka in cuɗa a markaɗaɗɗen tuffa, in ta ƙi kuma in sa hannu cewa ta sha, wai kowa haka yake yi. Nas ɗaya ce a ɓangare biyu, in na kira ta har tsaki take yi, ga tsofaffi sun haura ashirin suna jirana. Ban yi ba tukuna, amma ina tsoron a ce ina da nawa a rage mini awanni, alhali Hajiyarmu a Kano da ƙannena ni suke kallo. Yaya zan yi?

Ƙanwarki a Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya. Kada ki daka, kada kuma ki sa hannu a kan abin da bai shiga cikinta ba.

Dubi kwalin magungunanta. In kin ga ER ko XL ko SR a bayan sunan, an yi ƙwayar ne ta riƙa sakin ƙarfinta kaɗan-kaɗan na tsawon awanni. Da yawa daga magungunan hawan jini haka suke, irin su nifedipine ER. Kina dakawa, ƙarfin yini guda zai zubo mata lokaci ɗaya, jininta ya sauka, jiri ya kwashe ta a hanyar banɗaki. Karayar ƙugu ga mai irin shekarunta ba kowa ke tashi daga ita ba. Shi ya sa dokar Texas ta hana mai raba magani daka ƙwaya sai da izinin nas, kamar yadda ta hana ki yin allura, ko lissafa adadi da kanki, ko karɓar umarnin likita da baki. An koya miki wannan a awanni 140 ɗin kwas, kuma ranar da aka zo bincike, sunanki za a gani a kwamfuta. Waccan abokiyar aikin ba za ta tsaya miki ba.

Sa hannun ƙarya ya fi tayar mini da hankali. Likita ba ya ɗakin da yamma, rubutunki yake karantawa. In kin ce ta sha, ya ga jini bai sauka ba, sai ya ƙara mata ƙarfin magani, ranar da ta yarda ta haɗiya kuma ya yi mata yawa. Ke ce idonsa a wannan lokacin, kuma wannan shi ne babban amfanin mai raba magani a gidan. Tsohuwa tana da haƙƙin ƙin magani. Dokar tarayya ta 1987 kan gidajen kula da tsofaffi ta tabbatar mata da shi. Ɓoye shi a abinci kuwa, ko ana ganin alheri ne, shawarar likita ce tare da waliyyinta.

In ta datse baki, kada ki yi jayayya. Wuce ɗakin gaba, ki dawo bayan ɗan lokaci, ki zauna daidai tsayinta maimakon ki tsaya a kanta, ki miƙa ƙwaya ɗaya-ɗaya. In ta sake ƙi, rubuta cewa ta ƙi, da lokacin, da abin da ta faɗa, ki sanar da nas ko za ta yi tsaki goma. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, cewa da safe tana sha. Rikicewar yamma sananniya ce ga masu ciwon mantuwa, kuma likita na iya mayar da wasu magungunan safe, ko ya canza su zuwa na ruwa, ko ya janye wanda ba dole ba. A duba bakinta da yadda take haɗiya, a gwada fitsarinta in nas ta ga alama. Wani lokacin ciwo ne take kasa faɗa.

Maganar awanni gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma izininki shi ke ciyar da Hajiya, kuma sa hannun ƙarya na iya raba ki da shi. Rubuta wa shugabar nas-nas cewa aikin yamma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ki ajiye kwafi. In aka matsa miki ki yi abin da doka ta hana, akwai ofishin ombudsman mai kare haƙƙin mazauna irin waɗannan gidaje a kowace jiha, kuma dole gidan ya manna lambarsa inda kowa zai gani. Duba allon sanarwa gobe kafin ki ɗauki makullin keke.

Antinki