Kawu, ga yadda muke jefa ƙuri'a a Ostareliya

Assalamu alaikum Kawu. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, kuma inda ka ce "tunda adawa ta mutu a can, ai sai gwamnati ta miƙe ƙafa ta yi barci" ya ba ni dariya. Ka kuma tambaya mu Hausawan da ke nan wace jam'iyya muke yi. Bari in fara da ta biyun, domin amsarta ce za ta warware ta farkon.

Mu ba mu da yawa. In an tara mu na Sidni da na Melbon gaba ɗaya, ba za mu cika masallacin Juma'ar unguwarku ba, kuma cikinmu akwai ɗalibai da masu takardar zama waɗanda ba su da ƙuri'a, sai wanda ya zama ɗan ƙasa. Saboda haka babu ɗan takarar da ke zuwa neman "ƙuri'ar Hausawa". A siyasa inuwa biyu muke fakewa, ta Musulmi da ta baƙar fata 'yan Afirka. Musulmi kuwa, a ƙidayar 2021, sun ɗan haura kashi 3 cikin ɗari, amma sun taru a wasu unguwanni na yammacin Sidni irin su Lakemba, inda titin Haldon ke cika maƙil da masu cin kasuwar dare duk watan azumi.

In ka tambayi ɗayanmu jam'iyyarsa, zai yi maka kwana-kwana, kuma ba rowar magana ba ce. Takardar zaɓen ce ta koya mana haka. Nan ba a dangwala wa mutum ɗaya. Takardar majalisar wakilai koriya ce, kuma dole ka jera 'yan takara duka da fensir: wannan na 1, wannan na 2, har na ƙarshe. In wanda ka ba na 1 ya zo kurar baya, sai a cire shi a miƙa ƙuri'arka ga na 2 ɗinka, a yi ta haka har wani ya haura rabi. Tun 1918 suke wannan tsari. Don haka hirarmu bayan sallar Isha'i takan tsaya ne a kan wa za a sa a sama don a ja wa gwamnati kunne, wa kuma za a jefa can ƙasa. Sau da yawa mun fi saurin daidaitawa a kan na ƙasan.

Fita zaɓen ma tilas ne tun 1924. Wanda ya ƙi fita ba tare da uzuri ba, tarar dala 20 ce. Ranar Asabar ake yi, galibi a makarantun firamare, ba soja ba ɗan sanda, ba a ma nemi katin shaida ba: sunanka, adireshinka, sai a tambaye ka ko ka riga ka jefa a wani wuri. A bakin ƙofa iyayen yara na gasa tsiren bature suna sayarwa don taimakon makaranta. Shekarar farko na wuce da sauri don tsoron naman alade, sai wata Balabaniya da ke juya naman ta kira ni ta ce na halal ne. Ka ga bambanci da gida: nan mai zaɓe ne ke ciro kuɗi daga aljihunsa ranar zaɓe.

To, batun mutuwar adawa. Gaskiyarka, ta sha kashi. A zaɓen 3 ga Mayu 2025 jam'iyyar Leba ta Anthony Albanese ta kwashe kujeru 94 cikin 150, ƙawancen Libaral da Nashinal ya tsira da 43. Jagoransu Peter Dutton ya rasa kujerarsa ta Dickson da ya riƙe tun 2001. A gidajenmu ba wanda ya yi masa jaje. Shi ne a 2018 ya ce mutanen Melbon na tsoron fita cin abinci da dare saboda gungun 'yan daban Afirka, kuma 'ya'yanmu da ke hawa jirgin ƙasa zuwa makaranta su suka sha kallon da maganar ta jawo. Bayan zaɓen, ƙawancen ma ya tsage na kusan mako guda kafin su ɗinke.

Amma duba wani lissafin. Leba da ta samu waɗannan kujeru, kashi 34 da ɗoriya ne kawai suka ba ta na 1. Sauran nasarar ta zo ne daga mutanen da suka sa ta a na 2 ko na 3, wato waɗanda suka ce "gara ke da wancan". Kusan mutum ɗaya cikin uku bai ba ko ɗaya daga manyan ɓangarorin biyu na 1 ba. Ƙuri'ar aro ce, Kawu, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Masu cin gajiyar wannan su ne waɗanda muke kira 'yan tsakiya. Zauren majalisar a Kanbera kamar kofaton doki yake, gwamnati a dama, adawa a hagu, su kuma suna zaune a lanƙwasar da ke tsakani: 'yan indifenda da ƙananan jam'iyyu. Na san wannan zai yi maka baƙo, tunda tsarin mulkin Najeriya bai yarda mutum ya tsaya takara ba sai da jam'iyya. A 2019 'yan tsakiyar su shida ne. A 2022 suka zama 16, yawancin sababbin mata ne masu sana'a, likita, 'yar jarida, 'yar kasuwa, da suka shiga unguwannin attajirai inda Libaral ta ɗauka gadonta ne suka ƙwace. Monique Ryan, likitar yara, ita ta kayar da ministan kuɗi Josh Frydenberg a Kooyong. A 2025 adadinsu ya sauko zuwa 13, domin jam'iyyar Greens ta masu rajin muhalli ta zube har da shugabanta Adam Bandt, amma 'yan indifendan yawancinsu sun riƙe wurarensu.

Kada ka ce wutar gemun Libaral kaɗai ta kama. A 2022 Leba ta ɗauko tsohuwar firimiyar jiha, Kristina Keneally, daga wata unguwa mai nisa ta dasa ta a Fowler, mazaɓar talakawa da baƙi a yammacin Sidni, irin ɗauki-ɗoran da ka sani a gida. Mutanen wurin suka zaɓi 'yar indifenda Dai Le, wadda ta zo ƙasar tana yarinya 'yar gudun hijira daga Biyetnam, kuma suka sake zaɓenta a 2025. Wannan darasin ne Musulmi suka so maimaitawa da yaƙin Gaza ya yi zafi. Sanata Fatima Payman, mai hijabi, haifaffiyar Afganistan, ta saɓa wa jam'iyyarta ta Leba a 2024 kan amincewa da ƙasar Falasɗinu, ta fice ta koma tsakiya. Aka tsayar da 'yan indifenda Musulmi a kan ministoci biyu, Tony Burke da Jason Clare. Ba su ci ba. Mu kanmu mun rabu: wasu suka ce a hukunta Leba, wasu suka ce in ka rusa rumfar da kake ciki rana ce za ta ci ka, suna nuni da Medicare, tsarin da ke sa ka ga likita ba ka ji a aljihu sosai ba. Ni na ba ɗan indifenda na 1, Leba na 2. A Satumbar 2025 gwamnati ta amince da Falasɗinu. Ban ce mu muka sa ba, amma ministan da ya ga ƙuri'unsa na 1 sun ragu ya san inda suka tafi.

Ra'ayina, tunda ka nema: zaɓe na gaba a 2028, in ba wani babban abu ya faru ba, Leba za ta dawo, domin ramin da adawa ke ciki ba na tsallake ɗaya ba ne. Sai dai ba na zaton za ta sake ganin 94. Kuɗin haya da tsadar gidaje sun addabi matasa, har da namu da aka haifa a nan, kuma su ba su gaji wata jam'iyya daga iyayensu ba. A majalisar dattawa ma, mai kujeru 76, Leba ba ta da rinjaye, sai ta lallashi Greens ko adawa kafin doka ta wuce. A majalisar wakilai ma an taɓa ganin irinta a 2010, manyan biyu suka yi kunnen doki 72 da 72, Julia Gillard ta Leba ta yi mulki da alfarmar 'yan tsakiya huɗu.

'Yar wajena Hauwa za ta cika 18 kafin lokacin. Na tambaye ta wa za ta ba na 1, ta ce sai ta ga wanda ya amsa wasiƙar da ta rubuta kan motar haya ta unguwarmu da ke makara kullum. A gaida Inna da yara, a kuma ce wa Malam man zafin da ya nema yana hanya.